Inna Hajo ta Magama da rigar cikin hoto

Inna Hajo ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye ina goge rigar wata kwastoma. Ina ganin lambar Maman Sadiya, maƙwabciyarta a Magama, na san ba lafiya ba. Ba ta taɓa kirana ba, kullum ni ce mai kira.

Ta ce, “Bilkisu, sai haƙuri. Inna kwana ya ƙare.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kwana uku ta yi tana zazzaɓi. Yau da sassafe Maman Sadiya ta kai mata kunu, ta yi sallama har sau uku ba amsa, sai ta ɗaga labule. Ba kowa a ɗakin sai ita.

Tun ɗazu ina zaune a ƙasa a ɗakin ɗinkina, na rasa wanda zan kira. A garin nan babu wanda ya san ta. Maigidana yana wurin aiki. Shi ya sa na ɗauki waya nake rubuta muku, ko na samu sauƙi.

Yawancinku kun san ni ne da ɗinkin rigunan da, waɗanda kuke ce wa vintage. Kuna yawan tambayata wace makarantar koyon ɗinki na yi, nakan yi dariya in ce sirri ne. To yau ga amsa. Makarantata ɗaki ne guda na ƙasa, a bayan inda manyan motoci suke yin layi, a Magama ta Jibiya, bakin boda.

Ni 'yar Zariya ce. Aure ne ya kai ni can, don a lokacin maigidana a boda yake aiki. Ya kama mana ɗaki da falo. Yakan fita ya kwana biyu, wani sa'in uku, a bakin aiki. Ban san kowa ba. Hausar garin ma sai na kasa kunne sosai kafin in gane. In na leƙa waje ba abin da nake gani sai tireloli a jere suna jiran a sallame su, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu.

Na taɓa yin kwana huɗu ban yi magana da kowa ba sai mai kawo ruwa.

Abin da yake ɗebe mini kewa shi ne ƙarar wani keken ɗinki ta bayan katanga. Da hantsi yake farawa. Ba irin gudun telolin kasuwa ba, a hankali yake tafiya, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. Har na saba da shi. Ranar da ban ji shi ba sai gidan ya yi mini faɗi.

Wata rana zif ɗin siket ɗina ya lalace, na samu dalili. Na zura hijabi na zagaya.

Tsohuwa ce siririya, baƙa, da tabarau an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Tana zaune a ƙofar ɗakinta a inuwar bedi, bishiyar da mu muke ce wa darbejiya. Kekenta baƙi ne mai ƙafa, adon jikinsa duk ya goge. Ta karɓi siket ɗin, ko kallon zif ɗin ba ta yi ba, sai ta juyo cikinsa waje. Ta daɗe tana dubawa.

“Wa ya yi miki wagga ɓarna?”

Na ce wani babban tela ne a Kaduna.

Ta ce, “Allah shi shirye shi.”

Na yi dariyar da na daɗe ban yi irinta ba. Ban tashi daga wurin ba sai da aka kira azahar, kuma sai da ta dama mini fura.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a shafin nan ba. Ina da shekara huɗu mahaifiyata ta rasu. Ban riƙe muryarta ba, ban riƙe fuskarta ba. Abin da nake da shi hoto ne guda ɗaya tak, baƙi da fari, wanda ta ɗauka a situdiyo tana amarya. Tana tsaye kusa da tukunyar fure, sanye da wata bulawus mai kumburarren hannu da faffaɗar kwala, ga wasu siraran layuka a ƙirji, ga ƙananan maɓallai a jere har ƙasa.

Tun ina sakandare nake kai wa teloli hoton nan. Kowa sai ya ce ai wannan mai sauƙi ce. In na je karɓa sai in tarar da wata aba dabam.

A sati na biyu na kai wa Inna.

Ta goge tabarau da bakin zane, ta matsa wajen haske, ta sa farce tana bin layukan.

“Wadda ta ɗinka wagga ta san aiki. Dubi kwalar, a karkace anka yanke ta, shi ya sa ta kwanta lumui. Wanga ninki na ƙirji ɗaya bayan ɗaya anka yi shi. Maɓallan ma da yadin rigar anka lulluɓe su.” Ta ɗago ta dube ni. “Wace ce?”

Na ce, “Mahaifiyata ce.”

“Tana nan?”

Na girgiza kai.

Na roƙe ta don Allah ta ɗinka mini irinta.

“Ba ni ɗinka miki.”

Na ji kamar ta watsa mini ruwan sanyi. Na miƙa hannu zan karɓi hotona, ta riƙe.

“Ke za ki ɗinka ta da hannunki, ɗiyata. In ni na yi miki, riga kawai kika samu. Gobe ki taho da hantsi.”

A lokacin ko taka keke ban iya ba. Sati biyu na yi ina bin layi a kan takarda da allurar da ba zare, har ƙafata ta daina gardama. Daga nan aka shiga awo. Ni inci na sani, ita da santimita take aiki, don a Maraɗi ta koya. Telan kasuwa wuri huɗu ko biyar zai auna ya sallame ki. Inna sai ta auna har gangarar kafaɗa, da tsawon baya daga ƙashin wuya zuwa ƙugu, da zagayen hammata. Takan ce ba mutumin da kafaɗunsa biyu suke daidai, dole ɗaya ta fi ɗaya sauka. Na auna nawa, haka ne kuwa.

Ba ta sa almakashi a yadi sai ta fara zana rigar a takarda. Takardar buhun siminti take samowa, ta kakkaɓe, ta goge da dutsen guga, ta zana a kai ta yanke. Tana da akwatin ƙarfe cike da irinsu, kowace an rubuta sunan mai ita da ajami. Wasu takardun sun girme ni. Bayan takarda sai a gwada a tsohon zanen gado, a saka a jiki, a gyara, kafin a ko kalli yadin kirki.

A wurinta na ga ɗinkin da ake yi sau biyu: a ɗinke ta waje, a rage baki, a juya a sake ɗinkewa ta ciki, yadda ko silin zare ba zai leƙo ba. Ramin maɓalli da hannu take yinsa. Kowane layi na ɗinka sai na tashi na danne shi da dutsen guga na gawayi kafin in yi na gaba. In na yi ƙorafi sai ta ce, “Rabin ɗinki guga ne.”

A bakin aikin nan na ji tarihinta, guntu-guntu, ba a rana ɗaya ba. 'Yar Gangara ce, nan ƙasar Jibiya. Aure ya kai ta Maraɗi, mijinta direba. A can wata mata 'yar Togo, wadda Inna har ta tsufa ba ta kiranta da komai sai Madam, ta ɗauke ta tana yi mata guga. Daga guga ta kai ga almakashi. Matan manyan ma'aikata suke yi wa ɗinki. Inna ta haifi 'ya'ya biyu, duk sun koma tun suna ƙanana. Da mijin ya rasu ta ɗoro kekenta a mota ta dawo gidan yayanta a Magama. Shi ma ya rasu, 'ya'yansa suka watse, wasu Katsina wasu Kano, suka zuba 'yan haya a gidan suka bar mata ɗaki ɗaya.

Aiki kuma ya ja baya. 'Yan mata sai su zo da hoto a waya su ce irin wannan muke so, jibi za mu karɓa. Ta ce ita ba ta ɗinkin jibi. Suka daina zuwa.

Ashe ƙarar keken da nake ji ta bayan katanga, yawanci ba aikin kowa ba ne. Ƙyallaye take harhaɗawa tana fitar da 'yan riguna ta raba wa jariran unguwa. Ta ce don kada hannu ya manta.

Hannun rigar nan ne ya kusa raba mu. Kumburarren hannu sai an tattara samansa daidai wa daida, a zaunar da shi a ramin hammata ba tare da ya tsuke ko ya karkace ba. Na yi, ta duba, ta miƙo mini reza. Na farke na sake. Ta miƙo reza. A karo na tara na ajiye mata shi a cinya na ce, “Inna, ni na gaji. Ba wanda zai ɗaga hammatata ya duba.” Na tafi gida ina kuka.

Kwana uku ban je ba.

Rana ta huɗu bayan la'asar na ji sallama. Inna ce, da kwanon dambun zogale an rufe da faifai, da hannun rigar a ninke cikin mayafinta. Ba ta taɓa shigowa gidana ba sai ranar. Na nuna mata kujera ta ƙi, ta zauna a bakin tabarma.

Ta ce, “Na ji shiru, na ce ko ba ki lahiya.”

Na ce lafiyata lau.

Muka ci dambun. Can tana kallon ƙofa ta ce, “Kwana ukun ga, ba wanda ya yi mini sallama.”

Wallahi sai a lokacin na gane. Ni ina ganin ni ce baƙuwa marar kowa, ita kuma mai taimakona. Ashe tana ƙasar haihuwarta, a gidan yayanta, amma ta fi ni zama ita kaɗai.

Na karɓi hannun. A karo na goma sha ɗaya ya zauna.

Ƙananan abubuwa ne suke ta dawo mini tun safe.

Yadda take soke allurai a bakin mayafinta ta manta, har ta tafi masallacin Idi da su.

Yadda take ajiye mini ɓarin goro, alhali ta san ba na ci, wai ko wata rana zan yi hankali.

Lokacin da na yi ɓari, maigidana yana bakin aiki ba a same shi a waya ba, ita ta tare mai Keke Napep ta kai ni asibiti. Da aka sallamo ni kwana biyar tana zuwa ta dafa mini ruwan wanka, ta dama kunun kanwa. Ba ta yi mini dogon wa'azi ba. Abin da ta ce kawai, “Na san wurin da ke miki ciwo. Yana raguwa, amma ba ni yi miki ƙarya in ce yana ƙarewa.”

Muna cikin haka aka rufe boda. Layin motocin nan ya watse, masu abinci da 'yan canji suka tashi, Magama ta yi tsit. Inna tana da ƙanwa ɗaya da ta rage mata a duniya, sunanta Abu, a Maraɗi take. Da can duk bayan wata biyu sai ɗaya ta shiga mota ta je wa ɗaya, tafiya ce ba mai nisa ba. Da aka rufe, masu ƙarfi suna bi ta daji a kan babur, amma ƙashin tsohuwa ba zai ɗauki wannan ba.

Ana nan saƙo ya zo Abu ba lafiya. Kafin maigidana ya gama neman yadda za a yi, wani saƙon ya biyo baya.

Ranar na same ta ta fito da 'yar kujerarta bakin titi, ta fuskanci arewa tana kallon shingen boda. Na zauna kusa da ita. Ta ce, “Ga ta nan hwa, kusa. Da ina da ƙuruciya da ƙasa ma sai in tahi.” Ba ta yi kuka a gabana ba. Zaman makokin mu uku muka yi shi, ita da ni da Maman Sadiya.

Sai da na yi wata takwas kafin ta yarda in taɓa yadin gaske. Ranar kasuwa muka shiga Jibiya tare. Duk yadin da aka sauko mana da shi sai ta murza, ta ɗaga shi sama ta kalli rana ta cikinsa. Wani mai shago ya rantse nasa auduga ce zalla, ta zare sili ɗaya ta ce ya ba ta ashana. Zaren ya narke ya dunƙule kamar leda. Ta miƙa masa abinsa ta ce, “Alhaji, rage rantsuwa.”

Hoton baƙi da fari ne, ba mu san launin rigar ba. Ni na ce fara ce, ita ta ce shuɗi ne mai haske, ta san yadda yake fita a hoto. Na bi tata. Maɓalli goma sha biyu na lulluɓe da hannuna, yatsuna duk suka huje.

Ranar da na gama ta sa na saka a ɗakinta. Ba ta da babban madubi sai wani ɗan guntu, ta riƙe mini tana ɗagawa tana saukewa, ina ganin kaina kashi-kashi. Ta zagaya ni sau biyu, ta ja kafaɗa, ta shafa kwala.

“To. Ba laihi.”

Iyakar yabon da na taɓa samu a bakinta ke nan, kuma har yau ba a yi mini wanda ya kai shi daɗi ba.

Da ƙaramar Sallah na tafi Zariya da rigar. Na saka, na yi ɗaurin kallabi irin na hoton, na shiga gaida Baba. Yana zaune da rediyo a kunne. Ya ɗago ya dube ni. Ya ajiye rediyon a hankali, ya miƙe ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Na tsaya cirko-cirko, ban san ko laifi na yi ba.

Sai bayan azahar ya aika a kira ni. Idanunsa sun yi ja. Baba bai taɓa yi mini hirar mahaifiyata ba, tun ina yarinya in na tambaya sai ya ce a yi mata addu'a. Ranar sai da ya kai la'asar yana ba ni labarinta. Yadda take rufe baki in za ta yi dariya. Yadda ba ta shan miyar kuɓewa. Yadda ta bar shi tsaye a rana a ƙofar situdiyo, tana ciki tana ta gyara ɗauri.

Da zan tashi ya ce, “Amma fa tata ruwan hoda ce.”

Na dawo na gaya wa Inna ta faɗi a launi. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, “To ai sai ki sake wata. Dama waccan akwai inda ban so ba wajen kwala.”

Shekara uku na yi a Magama, sai aka yi wa maigidana taransifa zuwa Kalaba. Ranar da muke loda kaya ba ta fito ba. Na zagaya sallama, na same ta tana ta taka keke, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ki tahi, rana tana yi. Kada ki bari hannunki shi kwana bai taɓa allura ba.”

Sai da na juya zan fita na lura ba yadi a ƙarƙashin allurar.

A nan Kalaba kewa ta sake samuna, wannan karon har da rashin jin yare. Na sayi keke na fara ɗinki a ɗaki, ina sa hotuna a shafin nan. Sauran kun sani. Oda ta fara zuwa daga Abuja da Kano, har da ƙasashen waje.

Inna ba ta da waya, sai in kira Maman Sadiya ta kai mata. Da farko duk Juma'a. Daga baya ya koma wata-wata. Wani lokaci ba sabis a yankin, wani lokaci kuma, gaskiya, ni ce aiki ya sha mini kai. In an ba ta wayar, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, “Mi kike ɗinki yanzu?”

Ganina da ita na ƙarshe bara ne, bayan babbar Sallah. Na zo biki Katsina, na saci yini ɗaya na shiga motar Jibiya. Maigidana ya yi ta jaddada mini a waya in baro garin kafin la'asar saboda halin da hanya take ciki. Awa biyu kacal na samu.

Keken yana cikin ɗaki an lulluɓe shi da zane. Yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga inuwar mutum. Ina yin sallama ta ce, “Bazazzagiya?” Haka take kirana in tana cikin nishaɗi.

Ta jawo ni kusa ta fara laluben rigar jikina da yatsu. Kafaɗa, kwala, hannu. Sai ta juya bakin rigar ta shafa cikinta. Na san abin da za ta ji. Da oda ta yi yawa na sayi injin da yake kame bakin yadi cikin minti ɗaya, na daina ɗinkin nan na sau biyu.

Ta ce, “Kin hwara sauri.”

Na ce, “Inna, kwastomomi ne ba sa jira.”

“Uhm.”

Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ta sa na jawo wani gwangwani a ƙarƙashin gado, cike da allurai. Ta ce, “Zura mini zare kahin ki tahi. Keke ya hi ƙarhina, amma hannu yana gani. Zurawar ce ba ni iyawa, kuma kunya nike ji kullum in yi ta kiran Maman Sadiya.”

Na zauna na zura mata duk abin da ke cikin gwangwanin, allura ashirin da ɗaya, kowace da dogon zare. Na soke su a jikin matashin kai yadda za ta lalubo, fari a dama, baƙi a hagu. Ina yi hawaye yana hana ni ganin kafar allurar, ita kuma ba ta sani ba, tana ta ba ni labarin wata doguwar riga da ta taɓa ɗinka wa matar wani babban soja a Maraɗi.

Da lokaci ya matso na miƙe. Ta ce in jawo akwatin ƙarfen nan na takardu in tafi da shi. Na ɗaga na ji nauyinsa, na tuna motar haya da doguwar tafiyar da ke gabana. Na ce, “Inna, bari in mun zo da maigida da mota sai mu ɗauka. Ba zan daɗe ba.”

Ta ce, “To, Allah shi kai mu.”

Ta rako ni har gindin bedi tana dafa bango. Da na kai bakin titi na waiwaya. Tana tsaye tana ɗaga hannu, amma ba saitin da nake ba. Wani gefe dabam take ɗaga wa.

Ban koma ba.

Ɗazun nan Maman Sadiya ta sake kirana, bayan an dawo daga kai ta. Ta ce da suka buɗe kayanta sun tarar ta tanadi likkafaninta tuntuni, a yanke, a ninke, har da turare a ciki, don kada ta ɗora wa kowa nauyi. 'Ya'yan yayanta suna hanya aka yi mata sallah. Waɗanda suka cika sahun direbobin tirela ne da 'yan dako na bakin boda, da suka ji ana cigiyar masu sallar gawa suka yi alwala suka taho. Ba wanda ya san ta a cikinsu. Allah ya ba su lada.

Akwatin kuwa na kasa tambaya. Kunya ta hana ni.

Ban san wa zan yi wa ta'aziyya ba. Ba ɗa, ba jika, ba miji, ba ƙanwa. Ni ma ba wanda zai zo ya zauna mini, don in aka bi dangi ni ba kowanta ba ce.

Masu jiran kaya a wurina, ku yi mini haƙuri na kwana uku. Hannuna ba zai iya ba.

Malamai sun ce ilimi mai amfani yana bin mutum har cikin kabarinsa. Ina roƙon Allah ya sa wanda ta ba ni yana cikin irinsa.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka sa zazzaɓin nan ya zama kaffara. Ka yalwata mata makwanci, ka haskaka shi, kada ka bar ta cikin kewa. Ka sada ta da 'ya'yanta da 'yar'uwarta a Aljannar Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Ku da kuke karantawa, yau ba yabon ɗinki nake nema ba. Ko ba ku san ta ba, don Allah in kun idar da sallah ku ɗaga hannu ku sa ta a ciki.

Sunanta na yanka Hajara. Ba ta bar wanda zai riƙa ambatonsa ba, sai mu.